Kafin ka sai wa tirelarka batirin litiyam, hau rufin tukuna

Duk wanda ya sayi tirelar yawon shaƙatawa a nan Amurka, ɗakin nan mai taya da ake ƙullawa a bayan mota a tafi daji a kwana, abin da yake fara tambaya shi ne sola nawa zan ɗora, wane batir zan saya, ko in cire firij ɗin in sa wani. Tun lokacin korona da kowa ya haukace da sayen abin, ƴan uwanmu da dama a nan Dalas sun shigo harkar, kuma duk tambayar kenan, har yau babu wanda ya kira ni ya ce malam ya ake duba rufi. To ni dai ra'ayina ba ɓoyayye bane, ruwa ne yake kashe tirela ba rashin sola ba, kuma kuɗin farko da zaka kashe ya kamata ya tafi inda ba wanda zai gani ya ce maka masha Allah.

Mafi yawan waɗannan tirelolin a yankin Elkhart ta jihar Indiyana ake haɗa su, kuma an yi su ne don kar su yi nauyi, saboda haka bangon katako ne siriri ko alminiyam da falanki mara kauri, rufin kuma shimfiɗar roba ce guda ɗaya, EPDM ko TPO, aka manna a kan katako. Matsalar ita ce an huda robar nan a wurare da yawa, wajen esi, wajen fankar banɗaki, bututun iskar tanki, eriya, kuma kowace huda da wani irin danƙo aka toshe ta. Rana ta Teksas ta gasa danƙon, titi ya girgiza shi, sai ya tsage. Ba wata babbar tsaga ba fa, kamar silin gashi, sai ka durƙusa ka danna da babban yatsa sannan zaka ga bakinta ya buɗe. Ta nan ruwa yake bi, kuma ba zai ɗigo maka a ka ba balle ka sani, a hankali yake gangarawa cikin bango yana ruɓar da katako, ranar da ka buɗe kabad ɗin sama ka ga wani tabo ruwan ƙasa a kusurwa, ko ka ga bangon waje ya kumbura ya yi tudu, to aikin gama ya riga ya gama, gyaran wani lokaci ya fi kuɗin tirelar.

Ni farkon bazara da kuma kafin sanyi nake jingina tsani in hau, da tsumma da ruwan sabulu da bindigar matsa danƙo. Inda rufin yake a kwance danƙon kamfanin Dicor ake sawa, mai malala da kansa ya baje, a gefe kuma inda yake tsaye akwai wanda baya zuba. Don Allah kar ka sa silikon ɗin banɗaki, baya kama robar da kyau, kuma idan ya bushe babu abin da zai ƙara mannuwa a kansa sai ka kankare shi tas. Idan rufinka ba irin wanda ake takawa bane ka shimfiɗa falanki ka rarrafa a kai, ba wajen nuna jarumta bane.

Akwai kuma ruwan da mu da kanmu muke kawowa. Uwargida ta ɗora tuwo a ciki da daddare an rufe ƙofa saboda sanyi, tururin tukunya ga kuma shi kansa gas ɗin in yana ci ruwa yake fitarwa, da asuba sai ka ga tagogi suna hawaye har ƙasan katifa ya yi danshi. Yanzu duk girkin da zai daɗe a waje muke yi da ƙaramin risho, na ciki sai shayi da ɗumame, kuma fanka a kunne. In za a tambaye ni wane canji ne ya fi biyan kuɗinsa, wallahi fankar rufi mai ƙarfi ce a madadin ƴar mitsitsiyar da take zuwa da tirelar, ramin ma ɗaya ne, inci 14 kowane gefe, kawai ka cire ka sa ka toshe da kyau.

Taya kuma kar ƙyallinta ya ruɗe ka. Tayar tirela bata cika cinyewa ba, tsufa take yi a tsaye, sai ka ga zanenta fes amma gefen ya yi tsage-tsage. A jikinta bayan rubutun DOT akwai lambobi huɗu, in ka ga 2319 to sati na 23 ne na shekarar 2019, in ta kai shekara biyar zuwa shida ka canja ko da ko bata taɓa zuwa ko'ina ba, domin in ta fashe a kan hanya ba ita kaɗai take tafiya ba, tana yaga ƙasan tirelar har da wayoyi da bututun da suka bi ta wajen. Boris ɗin ƙafa shi ma a sake masa giris duk wata 12 ko mil 12,000, kuma duk inda kuka tsaya shan mai ka zagaya ka kai hannu kusa da tsakiyar kowace ƙafa, in ɗaya ta fi sauran zafi akwai magana.

To yanzu firij, wanda shi ne yake ja mutane cikin kashe kuɗi. Wanda yawancin tsofaffin tireloli suke zuwa da shi bashi da kwamfuresa sam, wuta ce ƴar ƙarama take dafa ruwan amoniya a baya, ya tashi ya zagaya cikin bututu ya sanyaya ciki ya gangaro, irin dabarar firij mai kananzir ɗin nan da ake ajiye allurar rigakafi a ciki a asibitocin ƙauye a da. Yana aiki da gas ko da wutar 120V, shiru kake ji, kuma gas kaɗan yake ci. Amma fa yana da sharuɗɗa. Dole tirelar ta tsaya daidai, in ta karkace fiye da kamar digiri 3 kuma aka bar shi yana ci, ruwan baya komawa yadda ya kamata, wajen dafawar ya yi zafi fiye da kima, bututun ya toshe a hankali, kuma wannan ba ya gyaruwa. Sannan sai ka kunna shi tun daren jiya kafin ya yi sanyi, in kuma ka kai shi Palo Duro, kwazazzabon nan mai zafi a arewacin Teksas, a watan Yuli sai dai haƙuri, madara ma da ƙyar. In ka buɗe murfin bayansa daga waje ka ga wani gari ruwan ɗorawa ya zubo, ko ka ji warin amoniya, kashe shi nan take kar ka sake kunnawa, yoyo yake kuma yana iya tada gobara.

Kafin ka yanke masa hukunci dai leƙa wajen wutar. Zanzaro yana matuƙar son wuraren nan, bayan firij da bututun hita, sai ya gina ɗan gidansa na laka daidai bakin inda gas yake fita, gizo-gizo ma haka. Wutar da ya kamata ta zama shuɗiya tsaf sai ka ganta ja-ja tana rawa tana baƙanta ƙarfe. Buroshi siriri da ɗan hura iska sun isa, sai ka sayi ragar ƙarfe ta ƴan daloli ka rufe ƙofofin. Firij da yawa da ake cewa sun mutu ba abin da ya same su sai wannan.

In ka ce a'a kai dai mai kwamfuresa na 12V kake so, ba laifi, yana sanyi cikin ƴan awanni, baya damuwa sosai da karkata, cikinsa ma ya fi faɗi a rami ɗaya. Sai dai ka sani ba firij kaɗai ka saya ba. Da gas yake ci, yanzu ya koma kan batir dare da rana, kuma batirin ruwa na 100Ah da dila ya sa maka rabinsa kawai ake so ka sha, in kana wuce haka kullum ba zai yi ƙarko ba, ga hitar ɗaki ita ma duk da gas take ƙonawa fankarta batir take ja har gari ya waye. Shi kenan sai ka ce bari in sa litiyam, LiFePO4, wanda gaskiya abu ne mai kyau, kusan duka zaka iya sha kuma nauyinsa bai kai rabin na ruwa ba. To amma cajar da take cikin tirelar in tsohuwa ce bata san shi ba, bata kai wutar wajen 14.4V yadda yake so, sai ta bar shi bai cika ba, dole a canja ta. Kuma litiyam ba a yi masa caji in sanyi ya kai ƙasa da digiri 0 na Salsiyas, inda ruwa yake daskarewa, yana lalacewa, saboda haka ko ka sayi mai hita a cikinsa ko ka ɗauke shi daga akwatin waje ka shigo da shi ƙarƙashin gado, wanda ke nufin sabuwar waya mai kauri da fiyus kusa da batirin. Daga nan sola, daga sola sai sabbin hudoji a rufin da muka gama magana a kai. Kaga firij ɗaya ya ja abu biyar.

Ba cewa nake kar a yi ba. Tambayar ita ce a ina kake kwana. In kai ɗan wuraren shaƙatawa na jiha ne irin su Garner inda zaka samu fili mai soket da famfo, batirinka ba abin da yake yi sai zaman jira, kuɗin litiyam asara ce, gara ka sayi na'urar da take tsare tirela daga wuta mara kyau ka riƙa jonawa a sandar soket ɗin kafin ka jona wayarka. In kuma irin Chisos Basin kake so, wajen kwana a cikin duwatsun gandun dajin Big Bend, inda babu soket ko ɗaya, kuma hanyar ma ba a so a hau ta da tirelar da ta wuce ƙafa 20, to a nan litiyam da sola suke da ma'ana. Esi dai ka cire rai, mai BTU 13,500 ba abin da ƙaramin batir zai riƙe maka dare guda bane. Ko a soket ma in naka na amp 30 ne to wat 3,600 kake da shi gaba ɗaya, esi na ci a kunna butar lantarki da na'urar ɗumama abinci sai ka ji ɗif, yara su fara ihu an ɗauke wuta.

Hitar ruwan wanka tana da nata ɗan sirrin. In ƙirar kamfanin Suburban ce tankinta ƙarfe ne, akwai wani sanda a ƙasa da ake ɗaurewa wanda aikinsa shi ne tsatsa ta cinye shi a madadin tankin, da soket mai inci 1 da 1/16 ake kwance shi. Sabo sumul yake kamar yatsa, in ka zaro shi bayan shekara zaka ganshi duk ramuka da farin gari yana marmashewa, in har wayar tsakiya ta fito da yawa canja shi. Tsofaffin hitocin kamfanin Atwood tankin alminiyam ne basa buƙatarsa. Ka kashe ta ta huce ka saki iskar ciki kafin ka kwance, in ba haka ba sandan zai harbo ka da ruwan zafi, kuma kar a kunna ɓangaren lantarkinta tanki ba ruwa, nan da nan yake ƙonewa.

Mu ƴan Teksas da muna ganin zuba maganin daskarewa aikin mutanen Minesota ne, sai sanyin Fabrairun 2021 ya zo ya fasa bututu a gidaje ma balle tirela. Abin ba wuya, a zubar da ruwan tankuna da na hita, a juya bawul ɗin da yake kewaye hitar, a ja maganin daskarewa mai launin ruwan hodan nan da aka yi musamman don tirela ta famfo har sai ya fito a kowane kai. Ruwan hoda fa na ce, ba na lagireton mota ba, wancan guba ne.

Banɗaki kuwa mu masu tsarki da ruwa mun ma fi dacewa da shi, domin tankin bayan gida ruwa yake so da yawa. Kuskuren da ake yi shi ne a jona tiyo a bar bawul ɗinsa a buɗe, ruwan ya tsiyaye sauran ya taru ya bushe, Allah ya kiyaye ka da wannan aikin. A bar shi a rufe sai ya kusa cika a saki gaba ɗaya, sannan a saki tankin da ruwan wanka yake taruwa ya wanke tiyon. Alwala kuma a famfon waje muke yi, in ba haka ba mutum biyar sau biyar a rana tankin ruwan wanka baya kwana biyu bai cika ba.

Gas baya son wasa, ka shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo da silinda in ya yi kumfa akwai yoyo, kuma na'urorin nan masu ƙara in sun ji gas ko hayaƙin da baya wari suna da wa'adi, galibi shekara biyar zuwa bakwai, kwanan watan yana jikinsu. Silinda ita ma a nan in ta shekara 12 daga ranar da aka buga a wuyanta ba za a cika maka ba sai an sake gwada ta.

Sannan duk abin da zaka ƙara ka je ka karanta sitikar nan ruwan ɗorawa da take bakin ƙofa, ita take faɗin nauyin kayan da tirelar zata iya ɗauka, kuma ruwa ma a ciki yake, galan ɗaya fam 8.3, tankin galan 40 kaɗai ya haura fam 330 tun ba a sa buhun shinkafa da tukwane da kekunan yara ba. In ka gama lodi ka bi ta sikelin manyan motoci na CAT da ke gidajen man kan babbar hanya, kuɗi kaɗan ne, su baka takarda da nauyin aksil ɗin gaban mota, na bayanta da na tirela daban-daban.