Yadda shagon buga zane ya zama wurin koyo ga masu aikin hannu a Garwa

Shagona yana unguwar Yelwa a cikin Garwa, a ƙasar Kamaru, kuma abin da muke ci da shi shi ne buga rubutu da zane a kan allunan shaguna, da kyallayen taro, da katin ɗaurin aure, da rigunan 'yan makaranta. Cinikin wannan sana'a kalandar ƙasa yake bi, domin kafin bikin matasa na 11 ga Fabrairu, da ranar mata ta 8 ga Maris, da bikin ƙasa na 20 ga Mayu, sai mu raba dare muna aiki, bayan haka kuma kasuwa ta lafa sai sallah ta matso. Ribar da na samu a Janairun 2022, lokacin da aka buga wasu wasannin gasar cin kofin Afirka a filin Roumdé Adjia, ita na haɗa na sayi keken surfani mai aiki da kwamfuta, don in cike giɓin watannin da buga rubutu ba ya kawo komai.

Keken ya zo da zanen furanni da haruffan boko a cikinsa, alhali masu kawo mana shadda aska takwas suke nema, da tambari, da dagi. Yarana sun iya manhajojin zane na CorelDRAW da Photoshop, amma babu wanda ya taɓa riƙe allura a cikinsu, su kuwa dattawan unguwar Hausare da suka tsufa a kan ɗinkin babbar riga ba su da hulɗa da kwamfuta. Wannan ne ya sa muka fara zama a shagon duk ranar Lahadi bayan la'asar, ba tare da an karɓi kuɗin kowa ba. Yanzu ana samun masu surfani, da masu zanen allo da fenti, da mai ɗaukar hoto, da wasu mata masu ɗinkin hula, har da ɗaliban jami'a idan suna hutu. Ana magana da Hausa, a juya Fulatanci, sunayen abubuwan da ke cikin manhaja kuma a faɗe su da Faransanci kamar yadda suke a rubuce.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne mayar da zanen hannu ya zama abin da keke zai iya karantawa. Sai a shimfiɗa tsohuwar riga a ɗauki hotonta da waya daga sama tsaye, a shigar da hoton cikin Inkscape, wadda manhaja ce ta kyauta, a bi layukan ɗaya bayan ɗaya, sannan a yi amfani da Ink/Stitch, wato ƙarin manhajar surfani da ake ɗora wa Inkscape, a faɗa wa keke inda zai soma da inda zai tsaya. Fayil ɗin surfani mai suna DST da yawancin kekuna ke karɓa ba ya ɗauke da launin zare, umarnin sukan allura kawai ke cikinsa da wuraren tsayawa, saboda haka dole a rubuta jerin zaren a takarda a manna jikin keken.

A wannan gaɓa ce ilimin dattawa ya fito fili. Wani tsoho da duk muke ce wa Baba ya karɓi gwajin farko na aska biyu, ya juya bayan kyallen ya shafa da babban yatsa, ya ce wa yaron da ya tsara shi: "Ɗana, ka cika masa zare, kuma duk ka kwantar da shi fuska ɗaya, shi ya sa shaddar ta tattare." Yaron ya ce, "Baba, ai haka manhajar ta tsara da kanta." Sai tsohon ya ɗauki alli ya zana masa a kan tebur yadda ake fara ɗinkin daga gindin askar, a riƙa karkata zaren kaɗan-kaɗan har a kai tsini. Da aka rage yawan sukan, aka sa ɗinkin shimfiɗa a ƙasa, aka sauya kwanciyar zaren yadda ya nuna, kyallen ya fito a miƙe. A ganina wannan zaman ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan bidiyon koyarwa na YouTube, waɗanda akasarinsu a kan tambarin kamfani da hular hana-sallah ake yin su.

Mun gwada manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu haɗa hoto daga rubutu. Suna taimakawa wajen nuna wa mai shago launukan da allonsa zai iya ɗauka, amma idan aka ce su zana babbar riga sai su kawo jallabiyar Larabawa, rubutun ajami kuwa su dagula shi ya zama ba ya karantuwa. Masu fenti sun fi kowa jin daɗinsu, masu surfani kuwa ba su ga abin ɗauka ba tukuna.

Wutar lantarkin yankinmu ta dogara sosai da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma idan ruwa ya ja baya a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗaukewarta takan yawaita. Keken da ya tsaya a tsakiyar wuyan riga yana iya ɓata shadda mai tsada, don haka muka yi karo-karo muka sayi batir da faifan sola.

Abin da har yanzu ake ja-in-ja a kansa shi ne mallakar zane. Rigar da mai surfani zai yi makonni a kanta, keke yana gama kwatankwacinta cikin sa'o'i, kuma fayil ɗin da ya shiga WhatsApp ya fita daga hannun mai shi ke nan. Wasu matasan suna cewa aska takwas gadon kowa ne, ba wanda zai ce nasa ne, dattawan kuma suna cewa kowane gida yana da irin hannunsa, kuma ina tare da su a kan wannan. Ƙa'idar da muka tsayar ita ce a rubuta sunan mai zane a littafin shago, a ware masa kasonsa a duk rigar da aka buga da zanensa, sannan ba a tura wa kowa fayil ta waya. Telan da ke son aikin, ko daga Marwa yake ko daga Gidar, sai ya aiko da shaddarsa a mota a ɗinka masa a nan.