Mako na shida: mitigate da tarkon Faransanci

'Yan uwa masu koyon Ingilishi a nan Damagaram, wannan makon kalma ɗaya tak muka riƙe, mitigate, kuma ta cinye mana kwana bakwai cif.

Asalinta Latin ne. Mitis na nufin abu mai laushi, daga nan aka samu mitigare, wato tausasawa, ta shiga Ingilishi a ƙarni na 15. Da Hausa mun tsaya kan "sassauta" ko "rage kaifi". Ku riƙe wannan da kyau: abin da aka yi wa mitigate bai tafi ba, yana nan, ƙarfinsa ne ya ragu. Mai son cewa an hana abu faruwa gaba ɗaya, prevent zai nema.

Furucin ya fi ba da wuya fiye da ma'anar. Harshen da ya saba da Faransanci yakan kai nauyi gaɓar ƙarshe, alhali a nan nauyin yana kan ta farko: MI-ti-get. Harafin g kuwa irin na "gida" ne. A mitigation nauyin ya koma gaɓa ta uku, mi-ti-GE-shan. Mitigated gaɓa huɗu ce, ƙarshenta "tid". Ku buga tebur da yatsa a kan gaɓar mai nauyi, sau goma kowace kalma, sannan ku naɗi muryarku a salula ku saurara.

Babban tarkon shi ne mitigé na Faransanci. Kamannin ya yi yawa, har mutum ya ɗauka uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma lalle tushensu ɗaya, sai dai kowa ya kama gabansa. Idan aka ce un bilan mitigé, ana nufin sakamako rabi da rabi, da daɗi da ba daɗi, Ingilishinsa kuwa mixed results. Wanda ya rubuta mitigated results ya rubuta Faransanci ne da rigar aro. Abokiyar mitigate ta gaskiya ita ce atténuer. Shi ya sa circonstances atténuantes na kotu, dalilan da ke sa alƙali ya sassauta hukunci, suka zama mitigating circumstances. Haka a takardun sauyin yanayi, inda Faransanci ya ce atténuation, Ingilishi mitigation yake cewa.

Mitigate ba ta tsayawa ita kaɗai, dole abin da ake sassautawa ya biyo ta kai tsaye, kuma mummunan abu: risk, damage, effects, impact. Ba a yi wa mutum mitigate. Jimlar da muka fi amfana da ita daga gonakin Matamaye da Magarya ta fito, inda manoma ke barin gawo ya girma a tsakiyar hatsi: Gao trees mitigate the effects of drought. Gawo bai kawo ruwan sama ba, amma ganyen da yake zubarwa da damina yana ƙara wa ƙasa taki, 'ya'yansa kuma dabbobi na ci da rani.

Za ku ci karo da mitigate against, har a rubutun Turawan kansu. Ku guje ta a jarrabawa. Ruɗani ne da militate against, wadda ta fito daga miles, soja a Latin, ma'anarta abu ya zama cikas ga wani abu. Akwai kuma unmitigated disaster, bala'i tsantsa, wadda ake haddacewa a dunƙule.

Mitigate kalmar rahoto ce da takardar neman tallafi. A hira da aboki reduce ko ease sun isa, in ba haka ba sai ka ji kamar mai karanta sanarwa a rediyo.

Aikin gida kafin Asabar: kati biyar, gaba jimlar Faransanci mai atténuer ko mitigé, baya fassarar Ingilishi. Ku sa biyu daga ciki su zama na mitigé, don a nan hannu ke zamewa. Mako mai zuwa za mu ɗauki alleviate, daga levis, marar nauyi, wadda ta fi tafiya da ciwo da talauci.