Taura biyu: gudu da ɗaga ƙarfe

Ranar Asabar bayan sallar asuba na hango ɗan ƙanwata a guje a titin Bauchi da ke Jos, ya naɗe cikinsa da leda a ƙarƙashin riga, wai kitse ya narke. Daga Farin Gada ya taso, gidan ɗaga ƙarfe ya nufa, ko koko bai kurɓa ba. Na tare shi. Ya ce, "Kawu, so nake ƙirji ya buɗe, ciki ya shafe, duk kafin Sallah." Gabana ya faɗi, domin abin da na faɗa ke nan ina ɗan shekara 22.

A lokacin kullum daga Gangare nake sassarfa har filin wasa na Rwang Pam, in yi ta zagaye sai ƙafa ta ƙi, sannan in koma bayan gidanmu in hau kan ƙarfe: bututu da gwangwanin fenti biyu cike da siminti. Kwana shida a mako. Abincina koko da ƙosai, sai tuwon dare. Shekara biyu cur damtsena bai ƙaru ba, nauyina yana nan kilo 61.

Nakan ce ba laifina ba ne. Ba mu da intanet, ba mu da kuɗin ƙwai, ga sanyin Jos da yake ruɗin mutum, ka yi ta gudu ba ka ji gajiya ba sai ka tsaya. Kuma wallahi na yi himma, ba kamar yaran yanzu da suke ɗaga ƙarfe sau biyar su ɗauki hoto sau goma ba. Amma gaskiya an faɗa mini. Wani tsohon ɗan dambe ya ce, "Yaro, taura biyu ba ta taunuwa, ka huta." Na ɗauka tsufa ne ke damunsa. Har yau gwiwata ta hagu ba ta barina in durƙusa sosai a salla.

Da gwiwar ta tsayar da ni sai na yi fushi da gudu gaba ɗaya. Shekara shida ƙarfe kawai da ci. Na kai kilo 90, mutane suna yabawa, ni kuwa bene hawa biyu sai na tsaya haki. Likita ya auna ya ce jinina ya hau. Wannan ya fi na farko muni, ko da yake tsoron gwiwa ne ya kai ni.

Daga baya na karanta cewa tun 1980 wani mai bincike, Robert Hickson, ya gwada haɗa su a Amurka: waɗanda suka haɗa gudu da keke mai tsanani da ɗaga ƙarfe kusan kullum, ƙarfinsu ya tsaya bayan kamar mako 7, har ya fara raguwa. Tsoka ba ta girma a kan benci, sai da ci da barci.

Na yi niyyar jero wa yaron nan shawara goma, ya riga ya fara latsa waya. To ku matasa, ku saurara. Ku yar da ledar nan, ruwa take fitarwa ba kitse ba. Ku ci abinci: mai son tsoka yana bukatar furotin kamar giram 1.6 a kowane kilo na nauyinsa kullum, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne, don haka sai an haɗa da wake, awara, kifi da kindirmo. Idan rana ɗaya za ku haɗa gudu da ƙarfe, ƙarfe ne farko.

Ku rage gudu. A'a, kada ku daina, zuciya ma tsoka ce: minti 20 ko 30, sau biyu ko uku a mako, kuma keke ya fi sauƙi ga gwiwa. Ni da zan koma baya, da wataƙila wata ukun farko ba zan yi gudu ba sam.

Yaron ya ce, "To Kawu," ya mayar da abin jin sauti kunnensa, ya ci gaba da gudunsa. Ledar tana nan a cikinsa. Gobe zan je gidan in sami mahaifiyarsa.