Sake yin fina-finan tsoro na ƙasashen waje: inda riba take da inda ake tafka asara

Kamfanonin fim na Amurka sun daɗe da gano cewa yawancin 'yan kallonsu ba sa son karanta fassara a ƙasan allo. Saboda haka idan wani fim ɗin tsoro ya yi tashe a Japan ko Faransa ko Sifen, sai su sayi haƙƙin labarin, su sake ɗaukarsa da 'yan wasansu da harshensu. A ganina aikin yana biyan bukata ne kawai idan tsoron da ke cikin fim ɗin yana jingine da wata dabara da za ta yi aiki a ko'ina. Idan kuwa azabar da ake nunawa ita ce saƙon, to galibi kwaikwayon yakan fito ba gishiri ba magi.

Ringu na Japan, wanda Hideo Nakata ya bayar da umarninsa a 1998, misali ne na kashi na farko. Dabararsa ba ta da wuyar bayani: kaset ɗin bidiyo ne, duk wanda ya kalla waya za ta yi ƙara, bayan kwana bakwai ya mutu. Jini kaɗan ne a ciki. Da aka sake yinsa a 2002 da sunan The Ring, an mayar da labarin yankin Seattle, an bar kaset da rijiya da yarinyar da ke rarrafowa daga cikin talabijin gashi ya rufe mata fuska. An kashe kimanin dala miliyan 48, ya kawo kusan miliyan 249. Wannan ribar ce ta buɗe ƙofa, kowa ya ruga Asiya neman labari.

Matsalar tana farawa ne daga matakin shekarun da hukumar tantancewa ke bai wa fim. A Amurka, PG-13 na nufin matasa za su iya shiga, kuma su ne manyan masu sayen tikitin fim ɗin tsoro. R na nufin ɗan ƙasa da 17 sai da babba. NC-17 kuwa, wato na manya zalla, tamkar hukuncin kisa ne ga kasuwar fim, don gidajen sinima da yawa ba sa karɓarsa. The Ring ya samu PG-13 cikin sauƙi tunda asalinsa ma ba na yanka ba ne. Amma ɗauki Martyrs na Faransa, na 2008, wanda a ƙasarsa ma sai da aka fara sa masa shekara 18 kafin a sassauto zuwa 16. Rabinsa na biyu duka ne da azabtarwa ba ƙaƙƙautawa, har a kai ga feɗe fata, kuma manufar ita ce mai kallo ya gaji, ya tambayi kansa me ya zaunar da shi. Na Amurka da ya fito a 2015 ya rage wannan duka. Abin da ya saura bai gamsar da masoyan na asali ba, bai kuma jawo sababbi ba.

Wuri na biyu da ake ɓata aiki shi ne ƙarshen labari. Kafin a saki fim, akan nuna shi ga wasu zaɓaɓɓun mutane, a raba musu takarda su faɗi ra'ayinsu, kuma mutane ba sa ba da maki mai kyau ga fim ɗin da mugu ya ci nasara. Spoorloos na Holan, 1988, ya ƙare ne da jarumin ya farka a cikin akwati a ƙarƙashin ƙasa, yana kunna leta yana ganin katako a saman fuskarsa. Mai ba da umarnin, George Sluizer, shi da kansa ya sake yinsa a Amurka a 1993, sai ga budurwa ta zo ta tono shi da rai. Hannu ɗaya ne ya gina, shi ne kuma ya rushe.

Speak No Evil ya fi ban sha'awa, don a nan hujjata tana ɗan rawa. Na Denmak, 2022, labarin iyali ne da kunya da kawaici suka hana su barin gidan masu masaukinsu har aka yanke harshen 'yarsu, su kuma aka jefe su da duwatsu. (Bahaushe ba zai sha wahalar gane irin wannan kara ba.) A na 2024, baƙin sun tashi sun yi faɗa, sun tsira. Ma'anar ta canja gaba ɗaya, amma fim ɗin ya tsaya da ƙafarsa, ya kuma kawo fiye da dala miliyan 70. Dalili kuwa, an sake gina labarin ne tun daga tushe don ya dace da sabon ƙarshen, ba a ɗinka masa faci a minti goma na ƙarshe ba.

Akwai kuma abin da ya shafi imani. A [REC] na Sifen, 2007, cutar da ta kama mazauna wani bene a Barcelona tana da alaƙa da yarinyar da ake zaton shaiɗan ya shige ta, har da hannun fadar Vatican. Quarantine na 2008 ya kwafi kusan kowane ɗauka, amma ya mayar da abin wani nau'in haukan kare. Mai haukan kare likita zai iya bayaninsa, don haka ɗakin saman benen mai duhu, inda labarin ya ƙare, ya rasa rabin nauyinsa.

Kwafin da bai canja komai ba shi ma ba mafita ba ne. Mai ba da umarni Michael Haneke ya sake ɗaukar fim ɗinsa Funny Games a 2007, shekara goma bayan na farko, hoto bayan hoto, da Naomi Watts a ciki, don ya isar da suka ga Amurkawa masu jin daɗin kallon jini. Waɗanda ya yi dominsu ba su je kallo ba, kuma fim ɗin bai mayar da kuɗinsa a sinima ba.