Akwatin busar da tumatir da na kai wa Baffa

Wanda ya tashi a yankin Kura da Garun Malam ba sai an ba shi labarin kakar tumatir ba. Da sanyi ya fara ja baya, ruwan madatsar Tiga ya gama aikinsa a gonakin Kadawa, sai kwanduna su cika Kwanar Gafan, motocin Kudu na ta lodi, farashi kuma ya faɗi warwas. Abin da bai samu mai saye ba a yanka shi a shanya a ƙasa, ƙura ta hau, awaki su bi ta kai. Kauɗar da muke miya da ita har damina ke nan.

Shi ya sa da na kai ajin ƙarshe a sashen injiniyancin noma ban yi dogon tunani kan aikin bincike ba. Na ƙera akwatin busarwa da zafin rana: iska ta shiga ta ƙasa, baƙin kwano ya ɗumama ta, ta ratsa ragar da aka jera tumatir, ta fice ta sama ɗauke da danshi. Na samu maki mai kyau, aka ɗinke kundin aka kai ɗakin karatu.

Da a nan zancen zai tsaya, ba don malamar da ke koya mana darasin sana'a ba, darasin da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta wajabta musu, wanda yawancinmu don jarrabawa kawai muke shiga. Ta tare ni a baranda ta ce, "Kai, akwatin nan naka, manomi nawa ne suka taɓa shi da hannu?" Na ce babu. Sai ta ba ni labarin Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin fasaha ta Dutse, ya kuma yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don kayan lambu su daɗe, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ta ce in lura da abu guda, maginan tukwane na ƙauye ya ba aikin, da yumɓun da suka saba da shi.

Cibiyar koyar da sana'a ta jami'a ta ba ni wurin aiki, da ɗan jari, da takardar shiga ɗakin gwaji. Can aka koya min rubuta shiga da fita, aka kuma nuna min yadda ake rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Har gobe ina gode musu.

Na ɗora akwatin a a-kori-kura zuwa gonar Baffa. Ya zagaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, sannan ya ce, "Ɗana, kwando nawa yake ci?" Na ce rabin kwando. Bai ce komai ba, ya waiwaya ya dubi tarin da aka tsinko da safiyar nan. Da ya tambayi kuɗinsa na faɗa, sai ya ce, "Allah ya yi albarka," ya koma bakin aiki. Ranar ban iya cin tuwon dare ba. Shekara guda ina auna zafi da gudun iska, ban taɓa auna yawan abin da manomi ke tsinka a yini ba, balle abin da ke aljihunsa.

Na watsar da gilashi da alminiyom. Ni da kafintan garinmu muka yi doguwar rumfa ta katako da leda mai kauri da ragar taga, wadda in ta yage kowa zai iya gyarawa. A ma'aunin ɗakin gwaji ba ta kai akwatin farko ba, amma tana ɗaukar kwanduna da yawa, kauɗar kuma ta fito ja zur, ba yashi.

Sai kasuwa ta sake koya min karatu. Dillali buhu yake gani, kuɗi ɗaya ya taya mai tsabta da mai ƙasa. Gwaggo ce ta ce, "Mai girki ka nema, ita ta san wahalar wanke yashi." Na ƙulla a ƙananan ledoji na kai wa masu abincin sayarwa a birni, suka karɓa, suka ƙara kuɗi. Daga nan na bar batun sayar da rumfa, na koma sayen tumatir lokacin araha ina busarwa.

Zumuɗi ya ja min asara sau ɗaya. Na ƙulle kaya tun bai gama bushewa ba, cikin mako biyu ya yi funfuna, wata hajiya ta dawo min da shi gaba ɗaya. Na mayar mata da kuɗinta, na ɗebi samfuri zuwa ɗakin gwaji, aka nuna min danshin da ya rage. Yanzu ba na ƙullawa sai yankan ya karye ƙas a hannu.

A ganina jami'a ta tura ɗalibi ƙauye tun kafin ya zana komai. Buhun adana wake mai hawa uku, PICS, daga binciken Jami'ar Purdue ta Amurka ya fito, amma manoma sun yarda da shi ne da aka riƙa ɗaure wake a gabansu, bayan watanni a kwance a bainar jama'a, su ga ba ƙwaro. Irin wannan fitar ya kamata a riƙa ba maki a kanta.

Bana rumfuna uku gare ni a bayan gidan Baffa, matan gida huɗu ke yanka ina biyansu kullum. Masu manyan kantuna sun ce sai da lambar NAFDAC za su ɗauka, don haka ina gyara ɗakin da za a zo dubawa, saura daɓe da ragar tagogi.