Asabar ɗin da muka sa wa kyanwa suna

Mabera, Sakkwato. Bayan sallar isha'i.

Hazo ya kwana, ya wuni. Da safe ko hasumiyar masallacin unguwa ba a hange sosai, ga sanyi mai fasa leɓe. Na gama wanki na shimfiɗa tabarma a tsakar gida ina duba takardun jarrabawar ɗalibaina, 'yar kyanwar nan kuwa ta ce sam, ba ni da aikin da ya wuce ta. Ta kama bakin zanena ta yi ta kokawa da shi, da ta gaji ta hau kan takardun ta naɗe.

Daga gidan Gwaggo na ɗauko ta a Gidan Igwai. Uwarta ta haihu a ɗakin ajiya, bayan buhunan gero, kuma Gwaggo ta hana kowa raba su sai da suka cika wata biyu suna shan nono. Na ji daɗin wannan tsayuwa tata, domin na sha ganin yara sun ƙwace ɗan kyanwa ido bai gama buɗewa ba, ya yi ta kuka har ya mutu a hannunsu. Tawa mai launi uku ce: fari a ciki da ƙafafu, baƙi a gadon baya, ja-ja a kunnen hagu da wutsiya, kamar an tsoma ta a marina uku an tsamo. Ɗan'uwanta baƙi wuluk har yau yana can, babu wanda ya yarda ya ɗauka, wai baƙar mage ba a san ko wane ne a cikinta ba. Abin yana yi mini ciwo. Dabba ce Allah ya halitta da baƙin gashi, ita ma yunwa take ji.

Wajen hantsi ɗan Gwaggo ya kira ni, wanda ke karatun likitan dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ya ce da zarar ta cika wata uku in kai ta asibitin dabbobi a yi mata rigakafin ciwon haukan kare, a ba ta maganin tsutsar ciki. Ya ja mini kunne a kan abu uku: kada in kuskura in ba ta farasitamol ko da ɓari ne, domin hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, kashe ta yake yi, kada a zuba mata ragowar miya mai albasa ko tafarnuwa, suna lalata mata jini, madarar shanu ma a yi hankali, yawancinsu zawo take sa su. Na tambaye shi yadda aka yi tun ranar farko, daga ganin hoto kawai, ya ce mace ce. Ya ce ƙwayar gadon da ke ba da ja ko baƙin gashi tana kan abin da suke kira X, mace tana da biyu, namiji ɗaya, saboda haka haɗa ja da baƙi a jiki ɗaya kusan kullum sai mace. Daga ƙarshe ya ce, "Yaya, a katin asibiti akwai gurbin suna fa. Me za a rubuta?"

Wannan tambayar ce ta cinye mana wunin nan.

Inna tana bakin murhu ta ji ina maimaita maganar. Ta ce, "Mussa ta, mi za a yi mata da suna? Tun da nit tashi ban ga inda anka yanka ma mussa rago ba." Gaskiyarta ta wani gefen. A gidan da ta girma, kyanwa ma'aikaciyar rumbu ce, a ce mata mus-mus ta zo, a ce mata cas ta tafi. Amma wannan a ɗakina take kwana, ni nake share mata kasko mai yashi, ni nake tashi in ta yi kuka. Abin da kake ɗawainiya da shi haka, bakinka da kansa yake neman abin kiransa. Kuma ni ba kowane suna nake so ba. Ina son na gayu, wanda in an ji za a ce a sake faɗa.

'Yar yayata da ta zo mana hutu ta riga ta ciro waya. Ta jero Luna, Koko, Bella, duk irin waɗanda take gani a TikTok. Ta fi nacewa a kan Bella. Kafin in buɗe baki Inna ta ajiye muciya ta ce, "Ba cikin gidanga ba." Yarinyar ba ta gane ba sai da na ja ta gefe. Sunan ya yi kusa da na kakanmu na wajen uba, surukin Inna, wanda tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kama sunansa ba, har bayan rasuwarsa. Ga shi kuma nan Sakkwato ne, garin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Da wuya ka bi layi ɗaya ba ka samu mai sunansa ba. Ki tsaya a ƙofar gida da magariba kina ƙwala wa kyanwa wannan kira, dattawa nawa za su waiwayo? Ta yi shiru, ta share shi daga jerinta.

Ni kuma na kawo Zara, tauraruwar nan mai haske da ake ce wa matar wata. Na daɗe ina son sunan, gajere ne, yana da daɗin kira. Auta ya nuna katangar da ke tsakaninmu da maƙwabta da leɓe. Akwai mai sunan a can, budurwa ce, kuma muna zaman lafiya da uwarta. Ranar da kyanwa ta sa baki a tukunya na ɗaga murya na ce ɓarauniya, wa zai tsaya yi musu bayani? Haka sunayen rana ma suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Ranar Alhamis na kawo ta, sai Auta ya ce to Lami, tun da dama ana cewa kyanwar Lami ba cizo ba yakushi. Na nuna masa bayan hannuna, na kuma tuna masa Lami, Altine, Jummai, Asabe duk mutane ne masu rai a unguwar nan. Daga nan muka tsaya a kan ƙa'ida ɗaya: ba sunan mutum, ba wanda ya yi kama da na mutum.

Baba ya dawo daga azahar ya tarar ana ta musu. Auta ya tare shi da cewa ya gani a intanet wai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da kyanwa mai suna Mu'izza, har ya yanke hannun rigarsa don kada ya tashe ta daga barci. Baba ya zauna a kan buzunsa ya ce labarin ya bazu, amma ba ya cikin ingantattun littattafan hadisi, kuma ba a jingina wa Annabi magana don kawai ta yi daɗin ji. Ya ce ingantattun ma sun ishe mu. Ga Abu Huraira, wanda ya fi kowane sahabi yawan ruwaito hadisi, da 'yar kyanwar da yake ɗauka aka yi masa alkunya har ta rufe sunansa na yanka. Ga hadisin Abu Ƙatada a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, inda ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha, ya ce Annabi ya faɗa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Ga kuma matar da Buhari da Muslim suka ruwaito ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Ya dube ni ya ce, "Uwata, sa mata sunan da kika so, ban da na Annabawa da sahabbai da mutanen kirki. Amma ki sani ci da sha nata na wuyanki." Na ce, "To, Baba." Maganar ta zauna mini, har na tashi na sake mata ruwa a take.

Bayan la'asar na hau Keke Napep zuwa cikin gari wurin Kawu, wanda dukanci ya gada kaka da kakanni. Ina son ya yanko mini siririyar fata ta wuya, don a san tana da masu ita, kada yara su jefe ta in ta fara hawa katanga. Rumfarsa tana nan yadda na san ta tun ina ƙarama, warin jima da bagaruwa ya kama komai, ga titimi da gafaka da kube a rataye. Ya zaro jar fata mai laushi ta akuyar Sakkwato. Wannan fatar nake ba ɗalibaina labarinta a ajin tarihi, yadda ayari ke ketare Sahara da ita, Turawa su saye ta a hannun 'yan kasuwar arewacin Afirka su riƙa kiranta fatar Maroko, alhali daga ƙasar nan ta fito. Na roƙe shi kada ya sa mata maɗauri mai ƙarfi, ya haɗa bakin da zare mara ƙwari, yadda in ta maƙale a reshe zai tsinke maimakon ya shaƙe ta. Ya ce, "Ɗiyata, ke dai kin ɗauki lamarin mussag ga da girma." Amma ya yi yadda na ce.

Wajen neman zaren ne ya jawo wani tsohon akwatin ƙarfe na mahaifinsa. A ƙasan akwatin akwai ɗan ƙullin zare, ja mai duhu da ya ɗan koɗe, yana sheƙi duk da tsufansa. Na taɓa, na ji laushin da ban taɓa ji a zaren kasuwa ba. Kawu ya ce, "Alharini na. Yanzu ba ka samu nai ko da kuɗɗinka." Ya ce da shi ake ƙawata rigunan sarakai da kayan doki, kuma mahaifinsa ba ya ciro shi sai aikin babban mutum. Na san shi a takarda: siliki ne da a zamanin da ake rinawa a kawo ta Tarabulus da Gadamas na ƙasar Libiya a kan raƙuma, Heinrich Barth ma, Bajamushen nan matafiyi da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta yawan wanda ake shigowa da shi. Amma yau na fara riƙe shi a hannuna. Ina tsaye a rumfar ina maimaita kalmar a zuci, sai na ji ta zauna daram a kan kyanwar. Ban ce wa Kawu komai ba. Bai ba ni zaren ba, ni ma ban roƙa ba, abin gado ne.

A hanyar dawowa na yi ta auna shi. Ba sunan kowa ba ne. Babu surukin da za a ji kunya, babu maƙwabciyar da za ta ɗauka da ita ake. Ana iya ɗaga murya a kira shi a tsakar gida gaban Baba. Ga shi da ƙasaita, ya fito daga cikin kayan adon garin nan, ba sai mun je aro ba. Abin da nake nufi da gayu ke nan tun da safe, na kasa faɗa wa 'yar yayata.

Da na faɗa a gida bayan magariba, Auta ne ya fara ja. Ya ce alharini ja ne mai duhu, jan kyanwar kuwa na ƙasa-ƙasa ne, ba su haɗu ba. Na ce ya shafa bayan kunnenta tukuna. Ya shafa, ya ce ya ji, amma sunan ya yi tsawo, gaɓa huɗu, kyanwa ba za ta riƙe ba. Nan kam yana da hujja. 'Yar yayata ta warware mana: a kati a rubuta Alharini, a gida a ce Rini. Har ta fara murna wai ya yi kama da na TikTok ɗin. Inna ta juya kalmar a bakinta ta ce uwarta tana da zane mai ratsin alharini da ba ta ɗaurawa sai ranar salla. Ta ce, "Ba sunan kowa na ba, ku kira abinku." Ta ƙara da cewa ita dai mus-mus ta sani.

Auta ya tambaya ko kyanwa ma tana sanin sunanta, ko mu ne kawai muke wahalar da kanmu. Tana sani. A 2019 wata mai bincike a Japan, Atsuko Saito ta Jami'ar Sophia, ta gwada haka da abokan aikinta. Sai a kunna wa kyanwa muryar mai ita yana faɗin kalmomi huɗu masu tsawo da kari irin na sunanta, har ta gaji ta daina kulawa, sannan a faɗi sunan. Da yawansu sai su motsa kunne ko su juya kai, har ma in baƙuwar murya ce. Ba lallai ta taso ta zo ba, wannan kuma ganin damarta ne. Abin da ke sa sunan ya kama shi ne ta riƙa jin sa tare da abin da take so. Don haka na roƙi kowa a gidan: in za a ba ta abinci a ce Rini, in za a shafa ta a ce Rini, in ta yi ɓarna kuwa a kore ta da cas kawai, kada a haɗa da sunan.

Na gwada da ɗan busasshen kifi da na jiƙa na cire wa ƙaya. Ta zo a guje, sai dai na san ƙamshin kifin ne ya kawo ta, sunan sai a hankali. Fatar wuyan ta yi mata yawa, yatsuna uku suna shiga, ya kamata a ce biyu ne. Gobe in Allah ya kai mu zan mayar wa Kawu ya rage, daga nan in biya Gidan Igwai. Wata abokiyar aikina ta ce ɓeraye sun dame ta a ɗakin girki, ina so in roƙi Gwaggo ta bar ni in kai mata baƙin nan.