Wayar tebur ma tana son makulli

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina haɗa wa ofisoshi sadarwa a Bauchi. Shagona yana wajen Wunti, ni da yara uku. Yawancin aikinmu yanzu wayoyin tebur ne masu hawa intanet, su Yealink da Grandstream da Fanvil, musamman masu Wi-Fi, tunda masu gidajen haya ba sa yarda a fasa musu bango don jan waya.

Ina yaron shago na san nauyin sana'ar nan. Wata rana maigidana ya ce in shiga ɗakin baya in kira gida. Na kira Inna, muka gaisa, ta yi mini maganar kuɗin gawayi. Ina fitowa ya juyo mini da kwamfutarsa, ya buɗe Wireshark, manhajar da ke kama bayanan da ke wucewa a layin sadarwa, ya danna. Sai ga muryata, ga ta Inna, har da kukan akuyarmu a tsakar gida. Jikina ya yi sanyi. Ya ce, "Ka ji ko? Duk wayar da ka bari a haka, amanar mutane ka watsar a titi." Allah ya jiƙansa, bai taɓa barin aiki rabi ba.

Shi ya sa kafin waya ta yi ƙara ko sau ɗaya, nake shiga shafinta in canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani. Da yawa kalmar "admin" ce, kuma duk ɓarawon intanet ya san haka. Daga nan sai rauta, na'urar da ke raba Wi-Fi. A cikin hanyoyin kulle Wi-Fi, WPA2 da AES nake sakawa, tsofaffin nan WEP da TKIP kuwa ko kallonsu ba na yi. WPA3 ya fito tun 2018, ya fi ƙarfi, amma tsofaffin wayoyi ba sa gane shi, don haka sai na gwada ɗaya bayan ɗaya. WPS, gajeriyar hanyar shiga Wi-Fi ba tare da kalmar sirri ba, ina kashe shi. Tun 2011 aka gano lambobinsa takwas ba su da wuyar fasawa. Wayoyi kuma layinsu daban, ba sa cuɗanya da Wi-Fi ɗin baƙi.

Kalmar sirrin Wi-Fi tana ɗaukar har haruffa 63, ni ba na yin ƙasa da ashirin. Shigar da ita ta maɓallan waya aiki ne, kana danna lamba ɗaya sau uku kafin harafi ya fito. Yarana kan yi tsaki, in ce a ci gaba. Babban ofishi kuwa tsarin tantancewa na 802.1X muke yi masa, kowace waya da shaidarta, in an sace ɗaya a soke tata kawai.

Abin da aka fi tsallakewa shi ne muryar kanta. Makulli biyu gare ta: TLS a kan ƙofar sadarwa mai lamba 5061 yana rufe bayanan kira, SRTP yana rufe maganar. Da an kunna su a wayar maigidana, da bai ji hirarmu da Inna ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne 'yan "zan yi maka da araha". Su jona waya, ta yi ƙara, su karɓi kuɗi su tafi, kalmar sirri 12345678. Bara wani Alhaji mai shagon magunguna ya ce kuɗina ya yi yawa, ya kira wani. Bayan wata biyu ya nemo ni da sassafe: cikin dare ɗaya an cinye kuɗin layinsa da kiran ƙasashen waje. An bar ƙofar 5060 da kira ke bi a buɗe, kalmar sirrin "admin" na nan yadda take.

"Injiniya, yanzu nawa ne gyaran?"

"Ranka ya daɗe, kuɗin farko ne, ban ƙara ko kwabo ba."

Sai da ya sake neman ragi. Muka kwana biyu a shagon, wayoyi tara, kowacce na sabunta mata manhaja na kulle ta. Kalmar sirrin na rubuta masa a takarda, na ce ya ajiye inda yake ajiye takardun fili.